Na zo aikin bishara, ga ni ina kwaɓa fenti

Mama, barka da aiki. Daga wata ƙasa mai nisa nake rubuto miki, inda muka zo aikin bishara na mako uku, mu goma sha huɗu daga ikkilisiyarmu. Yau kwananmu goma sha ɗaya. Shekara guda na yi ina addu'a a kan tafiyar nan. 'Yan'uwa ne suka tara mini kuɗin jirgi, har da wata gwauruwa da na san ba ta da shi. Na taho da zaton zan ga mutane suna tuba, ni ma bangaskiyata ta ƙaru. To Mama, daga safe zuwa rana tsaka aikina kwaɓa fenti da shafe bangon aji. Da yamma mu je wasa da yaran wani gidan marayu. Ba na jin harshensu, in babu tafinta sai murmushi. Kwana uku ke nan cikina a lalace, ga shi shugaban tawaga ya sa mana azumi. Ni da wadda muke ɗaki ɗaya ba ma ga maciji, a kan abin da bai kai ya kawo ba. In na durƙusa addu'a sai in ji kamar da bango nake magana. Jiya aka yi majigi, aka ce masu son karɓar Yesu su ɗaga hannu. Kusan kowa ya ɗaga, har da waɗanda na gani suna waƙa a coci ranar Lahadi. Shugaba ya ce mu rubuta mutum 140 sun tuba, mu ɗauki hotuna saboda masu tallafi. Akwai kuma wata yarinya 'yar shekara shida da ta liƙe mini. Ta sa tafinta ya tambaye ni ko zan tafi da ita, na ce zan dawo in ɗauke ta, don kada ta yi kuka. Mama, ji nake ni munafuka ce, na ci kuɗin mutane a banza. In nemi a sauya mini tikiti in dawo? In na dawo kuma, me zan gaya wa ikkilisiya?

'Yarki cikin Ubangiji

'Yata, sannu da jiki, sannu da baƙunta.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Kaya iri-iri kika cusa a buhu ɗaya, kika ɗaure bakinsa, kika rubuta "munafuka" a jiki. Bari mu kwance buhun. Wasu kayan ba naki ba ne, wasu ba laifi ba ne sam, biyu kuwa naki ne, kuma sai kin gyara su kafin ki hau jirgi.

Da cikin zan fara, domin wadda ta kwana uku tana zaryar bayi ba ta isa ta yanke wa bangaskiyarta hukunci ba. Ki ajiye azumin nan yau. Ki gaya wa shugabanku a fili cewa gudawa kike yi, kunya ba ta warkar da kowa. Ki nemi garin ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a shagon magani. In babu, ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ko na kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa kurɓa a kai a kai. In kika ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya shigo, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ruwa zama, to maganar likita ce a ranar. Ki lura da ruwan wanke baki, da ƙanƙara, da ɗanyen ganye. In an ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki sha shi har iyakar kwanakin da aka rubuta, don ba ranar sauka daga jirgi ake daina shi ba.

Kada ki ce Mama ta bar maganar Allah ta buɗe shagon magani. Buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin wani itace a jeji yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko masa taɓa shi ya yi, ya ce ya tashi ya ci. Ga gurasa, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara. Sai bayan tafiyar kwana arba'in, can a Horeb, Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Wanda ya yi mu da ƙasa ya san yunwa da rashin barci suna sa mutum ya ga duniya baƙi ƙirin.

Akwai wani mutum a Sabon Alkawari da ban cika jin an yi wa'azi a kansa ba, amma shi ne magabacin masu irin tafiyarki. Abafaroditas sunansa. Ikkilisiyar Filibi ta tara gudummawa, ta ɗora masa ya kai wa Bulus a kurkuku, ya kuma yi masa hidima a madadinsu. Da ya isa sai ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa. Wanda aka aiko ya kula da ɗaurarre, shi ya koma abin kula. Filibiyawa 2 ta ce hankalinsa ya tashi saboda mutanen gida sun ji labarin ciwon, kin ga damuwarku ɗaya ke nan. Bulus ya mai da shi gida, ya kira shi ɗan'uwa, abokin aiki, abokin yaƙi, ya ce wa Filibiyawa su karɓe shi da murna, su girmama irinsa. Ki duba surar da kyau, babu inda aka lissafa mutum nawa suka tuba ta bakinsa.

Sai fenti. A nan abu biyu zan gaya miki, ɗaya mai daɗin ji, ɗaya marar daɗi.

Mai daɗin shi ne aikin hannu bai taɓa zama ƙasƙanci ga bawan Allah ba. Da jirgin ruwan da ya ɗauko mutum 276, har da Bulus, ya farfashe a gaɓar tsibirin Malita, mutanen tsibirin, waɗanda ba su san bishara ba, su suka fara yin alheri: suka hura wuta saboda ruwan sama da sanyi. Shi kuwa babban manzon al'ummai, aikinsa na farko a tsibirin tsince-tsincen ƙirare ne ya ƙara a wutar.

Marar daɗin, wanda ba a faɗa a sujadar sallama, shi ne: in don bangon ne kawai, da kuɗin aka aika. Mai fenti na garin zai gama shi a kwana biyu, ya fi ku iyawa, ya kuma ciyar da iyalinsa da ladan. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, tawagogin Kirista daga Amurka da Kanada suka yi ta zuwa gina gidaje. Wani malamin jami'a da ya daɗe a ƙasar, Kurt Ver Beek, ya bi diddigi. Ya kwatanta iyalan da baƙi suka gina wa gida da waɗanda ƙungiyoyin ƙasar suka gina wa, bai ga wani bambanci mai ɗorewa ba, alhali abin da tawaga ta kashe a kan gida ɗaya, in an haɗa da kuɗin jirgi, zai gina gidaje da yawa a hannun 'yan ƙasa. Su kansu matafiyan sun ce tafiyar ta sauya su, amma da aka duba bayarwarsu daga baya, ƙarin ɗan kaɗan ne. Ban kawo wannan don in ƙara miki nauyi ba. Na kawo shi don ki san hancinki bai shaƙo ƙarya ba da kika ji wani abu bai zauna daidai ba.

Ki kuma sani irin tafiyar nan ta mako biyu ko uku sabuwa ce a tarihin ikkilisiya, jirgin sama ne ya haife ta. A 1957 wani ɗalibi, George Verwer, ya tafi Meziko lokacin hutu da abokansa biyu da littattafan bishara, daga nan ƙungiyar bishara ta Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa wata ƙungiya mai suna YWAM don tura matasa aikin bishara. Kafin wannan zamani, mai bishara watanni yake yi a teku, shekaru yake yi yana koyon harshe, da yawa a can aka binne su. Labaransu kika ji tun kina yarinya, da mudunsu kuma kike auna kwana ashirin da ɗaya. Dole ki ga naki bai cika ba.

To me mako uku zai iya? Zai iya mai da ke baƙuwa ta gari. Ki karanta Luka 10, inda Yesu ya aiki almajirai biyu biyu, shi ma aiken ɗan lokaci ne. Ya hana su jakar kuɗi, ya ce su zauna a gida ɗaya kada su yi ta sauyawa, su ci abin da aka sa a gabansu. Wato ya aike su a matsayin masu bukata, waɗanda sai an ba su masauki za su kwana. Mu kuwa mukan je da akwatuna cike, muna zaton mun kai Allah inda bai taɓa zuwa ba. Mutanen nan da kika gani suna waƙa ranar Lahadi, kafin a buga miki biza suna yi, bayan kin tafi ma za su ci gaba.

Ni ma na taɓa irin tafiyar nan, fenti ma muka yi, ki ji ikon Allah. Wata rana da magariba na koma ajin neman gyalena da na manta, sai na tarar da wani dattijo, mai gadin makarantar, da fitila a ƙasa da reza a hannu, yana kankare fentin da muka ɗiga a gilashin taga. Kusurwoyin da muka tsallake duk ya bi ya cike. Ashe kullum haka yake yi bayan mun tafi cin abinci, da safe mu zo muna yaba aikinmu. Da ya gan ni sai ya ɓoye rezar a bayansa kamar shi ne mai laifi, don kada baƙuwa ta ji kunya. Washegari na roƙi tafinta ya ce masa ya koya mini riƙon burushi. A bakin aikin nan na ji cewa a ɗakinsa ikkilisiyar garin ta fara, su biyar. Sunayen abokan tafiyata yawanci sun ɓace mini, nasa yana nan.

Saboda haka a kwana goman da suka rage, ki buɗe ido. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, sai ya yi tambaya yake gani. Ki koyi gaisuwa da godiya da ban haƙuri a harshensu, ki bari su yi miki dariya in kin karya. Ki riƙe sunaye. Ki bar teburin tawaga wata rana ki je inda mata suke girki ki zauna, ko wanke-wanke ne ki taya. Ki tambayi tafinta labarinsa, don a irin tafiyar nan shi ya fi kowa gajiya, shi kuma aka fi mantawa a yi wa godiya. In kin samu matar fasto ita kaɗai, ki tambaye ta abin da ya fi yi musu wuya bayan baƙi sun tafi, da abin da za su roƙa in da an tambaye su tun kafin a sayi fenti. Da farko za ta ce komai lafiya, don ladabi. Ki yi shiru ki jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga na farko cikin biyun da suke naki: maganar 140.

Kada ki rubuta abin da ba ki gani ba. Hannuwa kika gani, ba zukata ba. Mutum yakan ɗaga hannu don Ruhu ya taɓa shi da gaske, kuma ina fata akwai irinsu a daren. Yakan kuma ɗaga don maƙwabcinsa ya ɗaga, ko don kada baƙin da suka sha hanya su ji kunya, ko don abin da tafinta ya faɗa ya fi kama da "wa yake son a yi masa addu'a", ko don yaro ya san bayan ɗaga hannu akan raba alewa. Wani ma a bara ya ɗaga wa wata tawaga, baɗi zai ɗaga wa wata. Ki duba masu bishara na dā: William Carey ya sauka Indiya a 1793, sai a ƙarshen 1800 aka yi wa Krishna Pal, wani kafinta, baftisma. Adoniram Judson ya isa Bama a 1813, mutum na farko ya karɓi baftisma a 1819. Mutanen da suka ƙware a harshe har suka fassara Littafi Mai Tsarki ke nan. Ubangiji yana da iko ya ceci 140 a dare ɗaya, ya ceci dubu uku ranar Fentikos, amma waɗancan an yi musu baftisma, aka kuma gan su suna nacewa ga koyarwar manzanni da zumunci. Wannan faston garin ne zai iya shaida shi bayan wata shida.

Ƙarin gishirin nan kuma yana da wanda yake cutarwa. Baɗi masu tallafi za su tambayi faston ina mutum 140, ga shi benci uku ne a cike. Mai bisharar da ya zauna shekara goma a wurin, yana kawo rahoton baftisma uku a shekara, sai a fara ganinsa kamar rago, har a yi tunanin janye masa tallafi a ba tawagar da ke "girbi" a mako uku.

Ki samu shugabanku a keɓe, ba a gaban tawaga ba, ba kuma a zauren WhatsApp ba. Kada ki je masa da zargi. Mai yiwuwa shi ma nauyin idon masu tallafi ne a wuyansa, kamar yadda idon gwauruwar nan yake a naki. Ki ce masa, "Shugaba, zuciyata ba ta kwanta da kalmar tuba ba. Me zai hana mu rubuta cewa kimanin mutum 140 sun ɗaga hannu, wasunsu 'yan ikkilisiya ne, fasto kuma zai bi sababbin?" In ya karɓa, madalla. In ya ƙi, kada ki tada rigima a ƙasar mutane. Ki dai cire bakinki da sunanki daga adadin, in kun koma ki sanar da fastonku cikin natsuwa.

Hoto ma ki nemi izini kafin ki ɗauka, ki sake nema kafin ki sa a Facebook. Akwai ƙasashen da hoton mutum yana ɗaga hannu zai iya jawo masa kora daga dangi ko shari'a. A Nepal, alal misali, dokar da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar ga wanda aka kama da sauya wa wani addini. Ke jirgi za ki hau, wanda ke cikin hoton yana nan. Hoton yaro kuwa, in ba za ki so a ɗauki ɗan yayarki a wannan hali a nuna wa duniya ba, to ki mai da wayar jaka.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne yarinyar. A nan ba zan lallashe ki ba, 'yata. Kin yi mata alkawarin da kin san ba za ki cika ba. Na san tausayi ne ya sa, amma kukan minti goma kika kawar, kika bar mata jiran watanni a bakin ƙofa. Alkawari kaya ne, wannan kuwa a kan 'yar shekara shida kika ɗora shi.

Ki kuma daure ki ji wannan: liƙewar da ta yi miki ba lalle alama ce daga sama ba. Yaron da ya tashi a hannun uwa ɗaya yakan ɓuya bayan zanenta in ya ga baƙo. Wanda yake faɗawa jikin duk wanda ya shigo, sau da yawa yaro ne da hannuwa suka yi ta ɗauka suna ajiyewa. Wataƙila ba ke ce ta farko da ta ce mata "zan dawo" ba. Gobe ki samu matar da ke kula da su, ki faɗa mata abin da kika yi, ki nemi shawararta. Sannan ku zauna ku uku da tafinta, ki durƙusa daidai tsayin yarinyar ki ce kin faɗi abin da ba haka ba, kin yi kuskure, ba za ki iya tafiya da ita ba, kuma ba don ta yi wani laifi ba ne. Ki nuna mata da yatsu kwanakin da suka rage. Za ta yi kuka, ko ta ƙi ki, ko ta koma jikin wata. Ki ƙyale ta. Kada ranar tafiya ku sulale tana barci, ku yi sallama da rana tsaka. Kafin nan, in ta rugo gare ki, ki riƙa jawo sauran yara cikin wasan, ki riƙa mai da ita wajen mai kula da ita, wadda za ta kasance a wurin ranar da zazzaɓi ya kama ta.

Ban ce gidan da kuke zuwa yana da wata ɓoyayyiyar manufa ba, ban san shi ba. Amma ya kamata ki san cewa ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna nuna cewa yawancin yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. A wasu wurare ma ana tara yara ne don baƙi su zo su gani su ba da kuɗi, har Ostareliya ta sa wannan cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. A Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Kiristoci goma daga Amurka a kan iyaka da yara 33 ba tare da takardu ba. Sun ce ceto suka je yi, daga baya aka gano yawancin yaran suna da iyaye. Don haka ki tambaya cikin ladabi: yarinyar tana da dangi? Suna zuwa ganinta? Me zai sa ta iya komawa gida? In kina son taimaka mata da gaske, amsar tana iya zama kuɗin makaranta ta hannun ikkilisiyar garin, ko albashin mai kula da su. Kada ki damƙa wa yaro kuɗi ko lambar waya a ɓoye.

Abokiyar ɗakinki kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa. Ita ma ba ta barci, ita ma wataƙila tana kuka a bayi. Yau da dare ki riga ta cewa "yi haƙuri", da safe ki ɗebo mata ruwan wanka. Ba sai kun zama ƙawaye ba, kwana goma ne.

Maganar addu'a da bango ba ta ba ni tsoro ba. Kin rasa wurin da kika saba durƙusawa, da lokacin, da kaɗaicin, da lafiyar. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya bayyana a 1960 yadda wanda ya shiga baƙuwar al'ada yakan fara da murna, komai yana burge shi, sannan ya faɗa ƙunci da saurin fushi, ƙaramin abu ya tsaya masa a wuya. Da shi zai ga wasiƙarki da ya ce kin zo a kan kari. Kuma bushewar zuciya ba ta ware manya ba. Da aka buga wasiƙun Mama Teresa ta Kalkata a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, duniya ta sha mamaki: kusan shekara hamsin ta yi ba ta jin kusancin Allah, kuma kowace safiya ta tashi ta je wajen masu mutuwa a titi.

Kada ki matsa wa kanki sai kin ji wani abu. Ki samu minti goma kafin kowa ya tashi, ki karanta zabura ɗaya da murya, ko a hankali ne. Ta 13 da ta 42 na masu jin an manta da su ne. Ta 88 har ta ƙare babu sauƙi, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa. Ta 139 tana maganar wanda ya je can ƙarshen teku ya tarar hannun Ubangiji ya riga shi. Sannan ki kira sunayen da kika koya, ɗaya bayan ɗaya, ki ce amin ki tashi. Romawa 8 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ina kuma zaton, ki gafarce ni, wani ɓangare na abin da kike makoki a kai ba Allah ba ne. Hoton kanki ne da kika zana shekara guda: ke a tsaye, jama'a suna hawaye. Dukanmu da irinsa muka tafi. Rabuwa da shi akwai zafi.

Tikiti kuma, in likita ya ce ki koma, ko zama ya zama haɗari, ki koma ba tare da sunkuyar da kai ba. Yahaya Markus ya bar Bulus da Barnaba a Bariyata ya koma Urushalima, har maganarsa ta raba manyan biyu daga baya, amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Sai dai in cikin ya lafa, shawarata ki zauna. Gudu za ki yi daga yarinyar da kuma maganar 140, su kuwa a kujerar jirgi za su zauna kusa da ke.

In kin koma, mutane za su ce "yaya tafiya?", kafin ki kai jimla ta uku hankalinsu ya tafi wani wuri. Kada ki yi fushi, ba su je ba. In zazzaɓi ya kama ki ko bayan makonni ne, ki gaya wa likita ƙasar da kika je. Ranar da aka ba ki minti biyar a gaban ikkilisiya, ki yi yadda Bulus da Barnaba suka yi da suka koma Antakiya: abin da Allah ya yi suka ba da labari. Ki faɗa musu akwai 'yan'uwa a can, ga yadda suke sujada, ga abin da suke fama da shi, ga abin da matar fasto ta ce suna bukata. Ki faɗi fentin, ki faɗi ciwon. Ki roƙi ikkilisiya, kafin a tura wata tawaga, a fara tambayar masu masauki me suke so, ko da amsar ita ce a aiko kuɗin a zauna a gida.

Gwauruwar kuwa kada ta ji labarin daga kan bagade. Ki je gidanta kafin Lahadi, ki zauna a ƙasa kusa da ita, ki gaya mata duka, har da abin da kika ce wa yarinyar da yadda kika gyara. Ki bar mata sunan yarinyar da na mai kula da ita ta riƙa sa su a addu'a. Matan da suka san rashi sun fi mu iya riƙe irin wannan amana.

Ki rubuto mini bayan kun zauna da yarinyar, in ji yadda ta karɓi maganar, da kuma ko cikin ya lafa.

Mamanki